Fi-es Fo, Pi-es Fo, Pe-es Kat: Musun Suna a Gidajen Gem na Zongon Lome

Wata Asabar da la'asar sakaliya na raka ɗan ƙanena gidan gem a Zongon Lome. Yaron haihuwar Fagge ne a Kano, hutu ya kawo shi wurin dangi, kuma tun kwana uku da saukarsa ya hana mu sakat da maganar ƙwallon talabijin. Shagon ɗaki ɗaya ne tal. Talabijin huɗu a jikin bango, benci biyu, fanka tana ta kwashe zafi daga wannan kusurwa tana kai wa waccan, yara sun cika shi maƙil har bakin ƙofa. Yaron ya kutsa wurin mai shagon, wani saurayi da ba zai wuce talatin ba, ya gaishe shi ya ce, "Yaya, akwai fi-es fo?" Mai shago ya dube shi, ya dube ni, ya yi murmushi. "Ƙanena, pe-es kat kake so? Ga shi can, bari su gama." Wani ɗan ƙaramin yaro a kan benci ya tuntsire da dariya yana maimaitawa, "Fi-es fo! Fi-es fo!" Na kusa da shi, wanda daga baya na ji cewa daga Aflao yake zuwa wurin kakarsa, ya ce ai baƙon ma ya fi su kusa da gaskiya, pi-es fo ake cewa. Kafin ka ce kwabo musu ya kaure, har masu bugawa suka tsayar da wasa suka sa baki.

Na'urar da ake wa wannan hayaniya guda ce, baƙa, an rubuta PS4 a jikinta, ƙirar kamfanin Sony na Japan da ta fito a 2013. Duk cikinsu ba wanda ya kasa karanta rubutun. Kowa dai ya karanta shi da bakin makarantar da ya yi, ko bakin wanda ya fara jin sunan a wurinsa. Tun daga ranar nake kasa kunne, a Zongo da Kano da Maraɗi, kuma abin da na tsaya a kai shi ne yadda mutum ke kiran sunan na'urar gem kamar hatimin kan iyaka yake a fasfo. Yana nuna ta inda kayan suka shigo, da ta inda mai maganar ya biyo. Tambayar "wanne ne daidai" ita ce ke tayar da jijiyar wuya, amma ita ce mafi ƙarancin riba.

Ba mamaki a ce a Zongo musun ya fi zafi. Unguwar tun asalinta masaukin baƙi ce, sunan ma zango ne, inda ayarin fatake ke sauke kaya. Hausawa sun kafa ta tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Jamusawa ke riƙe da Togo. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni ta mayar da mutanensa bayan gari, kimanin kilomita 15 arewa, a bakin babban titin da ya miƙe zuwa Sokode da Dapaong har Burkina Faso. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da su ya fitar da littafi a 1983 kan 'yan kasuwar unguwar, masu fataucin goro da shanu, da yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye. In ka tace wannan sana'a, tafinta ce: tsayawa tsakanin baki biyu da ba sa jin juna. Yau ma haka wurin yake. Direbobin manyan motocin ƙasashen tudu suna kwana suna jiran lodi daga tashar jiragen ruwa, 'yan Najeriya suna zuwa sari, Kotokoli da Zabarmawa da Yarbawa da Fulani suna salla sahu ɗaya, kasuwar cikin gari kuma da harshen Mina ake cin ta. Ga Ghana a bakin hanci, daga unguwar Kodjoviakope da ƙafa ake takawa a shiga Aflao. Birnin Lome kansa Turawan Ingila sun riƙe shi daga 1914 zuwa 1920 kafin su miƙa wa Faransa. Yaron da ya tashi a nan kunnensa ya saba da abu ɗaya mai suna uku tun kafin ya san gem. Babur ɗin haya ma zemijan ne a Lome, kabu-kabu a Maraɗi, acaɓa a Kano.

Rabuwar farko a aji ɗaya na firamare take farawa, wurin haddar harufa. Na Turanci da na Faransanci surarsu ɗaya, sunayensu daban. P a bakin ɗan makarantar Ghana ko Najeriya "pi" ce, a bakin ɗan lakkwal, wato makarantar Faransanci, "pe". T "ti" ce a can, "te" a nan. Inda abin ya fi ban dariya shi ne G da J, domin musayar riga suka yi. G ɗin da ɗan Ingila ke kira "ji", Bafaranshe "je" yake ce mata, J kuma da ɗan Ingila ke kira "je" ita ce "ji" a Faransanci. Saboda haka wasan nan na satar motoci, Grand Theft Auto, wanda kashinsa na San Andreas ya fito a 2004 ya cinye wa yara da yawa kuɗin tara, ji-ti-e ne a Kano da Accra, je-te-a a Lome da Yamai. A Lome kuwa je-te-a yana da wata ma'ana da ta girmi wasan. Akwai babbar mahaɗar titi a kan hanyar Zongo zuwa cikin gari da ake kira GTA, ta ci sunan kamfanin inshorar Groupement Togolais d'Assurances da benensa ke wurin. Tare ɗan zemijan ka ce masa ji-ti-e, zai tsaya yana kallonka. Ce masa je-te-a, ba sai ka ƙara komai ba. Zazzagawa za su gane wannan, su da ke da unguwar PZ, wadda ta gaji sunan kamfanin Paterson Zochonis, kuma har gobe "zet" ta Ingila ce a bakin mutane, ba "zi" ta Amurka ba.

Wannan duk bakin makaranta ne. A ƙarƙashinsa akwai bakin uwa, wanda ba ya jin bulalar malami. Hausa ba ta raba P da F ba. Sauti ɗaya gare ta a gurbin, da leɓɓa biyu ake yin sa, wata ran ya fito kusa da wannan, wata ran kusa da wancan, ma'ana ba ta motsi. Shi ya sa muke da fasinja da fenti da famfo da firamare da filasta, alhali dukkansu da P suka zo ƙasar Hausa. Ɗan ƙanena da ya ce "fi-es" turbar kakanninsa ya bi, ba sabon kuskure ya ƙago ba. Abin da ya sa yaran Zongo suka cafke shi nan take shi ne sun tashi cikin Ewe da Mina da Faransanci, harsunan da P da F kowace ke cin gashin kanta. Ewe ma F biyu gare ta, ta haƙori da ta leɓe, kowace da harafinta a rubuce. Kunnen da aka horar haka ba ya barin irin wannan ta wuce. Ƙari a kan ƙari, "fo" a Ewe yaya ne, ana sa shi gaban sunan wanda ya girme ka, to ina dariya za ta ƙi zuwa.

Can yamma kuwa, Sakkwato da Gobir da Adar, F ɗin ma gudu take ta koma H: tahi, hita, hwaɗi. Da a ce FIFA ta shigo Hausa shekara ɗari da suka wuce ta bakin Basakkwace, ƙila da Hihwa muke bugawa yau. Amma Hausar Nijar tana da tata ribar. J ɗinta mai santsi ce, irin ta Faransanci, don haka ɗan Maraɗi na faɗin je-te-a sumul, Bakano kuwa sai ya danne ta.

Cikakken sunan, PlayStation, ya fi wahalar da harshe, domin Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a manne, shi kuma sau biyu ya yi hakan. Hanya biyu Hausa ke bi in ta gamu da irin wannan: ta cusa wasali, ko ta yar da baƙi ɗaya. Ta hanyar farko muka sami sifika da sukundireba. Ta hanya ta biyu muka sami tasha. Nan ya kamata masu dariya su ɗan tsaya. Rabin sunan na baya, ita ce kalmar da Hausa ta ara ta mayar tasha, kalmar da ta zauna daram tun zamanin jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Ba wanda ke jin kunyar cewa tasha a yau. To filesiteshan ɗin da ake yi wa dattijo dariya in ya faɗa, ƙanen tasha ne uwa ɗaya uba ɗaya. Samari dai sun kauce wa wahalar, wasu da "pi-es", masu Faransanci da "la ple". Wannan "la" ɗin ita ma ba baƙuwa ba ce a Hausar Nijar, takan manne wa kalma ta zauna, kamar yadda 'yar'uwarta ta yi a lakkwal. Na ji wani yaron mota yana ce wa ubangidansa za shi "lafile" ya dawo, sai da na yi jim kafin na gane inda ya nufa.

Lamba ma abin lura ce. Ba a cewa fi-es huɗu sai da wasa. Lambar ta zama jikin suna, tana tafiya da harshen da harufan suka zo da shi: tu, tiri, fo, fayif a gefe guda, de, turwa, kat, senk a ɗaya gefen. Xbox 360 ta Microsoft, ta 2005, tiri-sisti ce a Aflao, a Lome kuwa sai an ja numfashi, turwa-san-swasant. Amma da an zo biyan kuɗi sai Hausa ta karɓe linzami. Mai shagon nan na pe-es kat, da wani yaron Nijar ya tambaye shi kuɗin wasa ɗaya, "dala ashirin" ya ce masa, wato sefa 100, domin dala sefa 5 ce a lissafin mutanen Nijar. Ɗan ƙanena ya zaro ido, yana can yana juya dalar Amurka ashirin zuwa naira.

Sai rabuwa ta biyu, wadda ba ruwanta da Ingila ko Faransa: a bi harufa ɗaya-ɗaya ne, ko a dunƙule su a yi kalma? Hausa ta daɗe tana yanke wannan hukunci ba tare da ta kira taro ba. En'e da Di'o harufa ne na zamanin Turawa da suka zama kalmomi har aka manta asalinsu. Nefa ta wuta kalma ce tun ranar farko. Sefar da muke kashewa a Lome harufa uku ce, se-ef-a, baki ya matse su. Ƙungiyar da Gowon da Eyadema suka yi wa fafutuka har aka kafa ta a Legas a 1975, Ekowas ce a Najeriya, Sedeyawo a Togo. Ƙa'idar ba ta da wuya. In akwai wasali a inda harshe ke son sa, a dunƙule, in babu, a bi harufa. FIFA wasulanta biyu a zaune suke inda ya dace, shi ya sa ba a musu a kanta. PS da GTA ba su ba da wannan dama ba.

Rigimar tana tsakiya ne, wurin sunayen da za a iya yi wa ko wanne. PES, wato Pro Evolution Soccer, wasan ƙwallon kamfanin Konami, a Faransa kanta wasu harufan suke bi, wasu su ce pes. A Ingila da yawa sun yanke shi Pro Evo. A Kano kuwa ya faɗo daidai kan kalmar da muke da ita, fes, ta wanda ya yi wanka ya sa sabbin kaya. NES ta Nintendo "en-i-es" ce ga yawancin Amurkawa, "la nes" ga Faransawa. Ƙanwarta SNES, wadda ta isa Amurka a 1991, Turai a 1992, ita ce ta fi raba kan masu Turanci. 'Yan Ingila "snez" suke cewa, da Z a ƙarshe, Amurkawa su bi harufa ko su ce Super Nintendo, kuma shekara talatin da 'yan kai ke nan kowane ɓangare na yi wa ɗayan kallon baƙauye. Wato musun da na tarar a kan bencin Zongo, masu harshen ma ba su gama nasu ba.

To su masu ƙera kayan fa? Nan hujjar masu cewa a faɗa yadda masu shi ke faɗa take durƙushewa. Japananci, kamar Hausa, wasula biyar gare shi, kuma shi ma ba ya son baƙaƙe su cunkushe. Bajapane Pureisuteshon yake cewa, in yana sauri ya yanke shi Puresute. Na'urar Nintendo ta 1983 da aka rubuta wa Family Computer, Famikon suka mayar da ita. Ma'aikacin Sony a Tokyo, in ya koma gida wurin 'ya'yansa, bakinsa ya fi kusa da na dattijon filesiteshan fiye da na ɗan Landan. Sega, wanda aka gutsuro daga Service Games, mu Sega muke cewa, yadda muryar nan ke faɗinsa a farkon wasan Sonic na 1991, alhali a Ostireliya akwai tsara guda da ta tashi tana cewa Siga. Larabawa su ma ba su da P, sai suka kai ta B. A Saudiyya da maƙwabtanta ma sau da yawa ba sa wahalar da kansu, "Soni" kawai suke kiran na'urar.

Akwai kuma inda kamfanin da kansa ya raɗa suna biyu. Na'urar Sega ta 1988 Mega Drive ce a Japan da Turai, Genesis a Amurka. Famikon ta zama NES da ta haye teku a 1985, aka canja mata har da siffa. Wasan Konami Winning Eleven ne a Japan, Pro Evolution Soccer a Turai daga 2001. A nan ne suna ke zama shaidar hanya ƙarara. Tashar jiragen ruwan Lome ƙofa ce ta kayan gwanjo daga Turai, motoci da firji da talabijin, na'urorin gem kuma suna biyo bayansu, don haka Mega Drive ce ta fi kusa da bakin wanda ya yi yarintarsa a nan. Wanda ka ji yana cewa Genesis, bincika, ko dai akwai ɗan'uwa a Amurka, ko a intanet ya tsinta. Masu shekara arba'in da ke cewa "winin" har yau, labarin faya-fayan da aka kwafo daga na Japan suke ba ka, masu rubutun da ba wanda ke iya karantawa, mai sharhi yana ta ihu da Japananci. Sunansa Jon Kabira, ɗan asalin Okinawa, ba abin da ya haɗa shi da Kabirun unguwarku. Iyaye dai ba su shiga wannan ba. A wurinsu duk abin da ya hana yaro zuwa makarantar allo gem ne, ko Sega, yadda kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙule Maggi.

Wii ta 2006 ba sai an daɗe a kanta ba. Nintendo ta zaɓi sunan ne don kowane harshe ya iya faɗinsa, ta ce yana nuni da kalmar Turanci mai nufin "mu". Faɗin ya yi sauƙi, fassarar ce ta kuɓuce mata. Bafaranshe kalmarsa ta amsa "e" yake ji, yaran Ingila suna jin kalmarsu ta fitsari, ɗan Bahaushe kuwa in ya kuskura ya maimaita sunan sau biyu a gaban mahaifinsa sai ya yi dogon bayani.

Inda bambancin ya taɓa wasa da gaske shi ne abin riƙewa. A Kano fad ne, a Lome manet. Da layi ya zo kan ɗan ƙanena aka haɗa shi gefe ɗaya da wani ɗan unguwa, su biyu a kan wasu biyu. PES suke bugawa. Ɗan wasan da ke hannunsa ya kutsa cikin yadi na sha takwas, daga shi sai gola, abokin ya daka tsawa, "Kare! Kare!" Yaron ya ɗage ƙafafu ya waiwaya ƙofa. Madannin nan mai kusurwa huɗu ake nufi, na buga ƙwallo raga, wanda Faransanci ke kira kare, shi kuma bokis ya san shi. Kafin ya farga gola ya rungume ƙwallo, shago ya kaure da ihu. Daga baya aka zaunar da shi aka karanta masa sauran. Mai da'ira "ron" ne. R1 da ya sani da ar-wan, er-an ce. Madannin X kuma, da aka faɗa masa sunansa, sai ya ji "kurwa", ya ce a'uzu billahi, wannan ai abincin mayu ne. Kalmar Faransanci ce ta gicciye, kuma a nan Faransawa suka yi gaskiya, domin a 2019 reshen PlayStation na Ingila ya fito ya ce alamar gicciye ce, ba harafin X ba. Masu Turanci suka ji, suka ci gaba da "eks" ɗinsu.

Ko jinsin na'urar ba a daidaita ba. Mai shago "ga shi can" ya ce, ɗan ƙanena "ga ta" yake cewa. Faransanci yakan ɗauki na'urar gem mace, la ple, la pe-es kat, in ban da Game Boy ta 1989, wadda Faransawa har yau ke musu a kanta, kamfanin namiji ya tallata, masu wasa da yawa suka mayar da ita mace. Hausar Kano takan bi wasalin ƙarshe: Sega ta lalace, FIFA ta fito, amma gem ɗin ya tsaya. Hausar zangunan Ghana ta sauke wa kanta wannan kaya tuni, kusan komai "shi" ne, kuma iskar na kaɗowa har Lome.

Ke nan babu daidai sam? Akwai, amma ba inda ake nemansa ba. Kamfani yana da iko da rubutu, ba shi da iko da baki. A 2023 kamfanin EA, bayan ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ya koma kiran wasansa na FIFA da EA Sports FC, Konami kuma tun 2021 ta mayar da PES eFootball. Shiga gidan gem a Zongo ko a Fagge ka saurara, FIFA da PES ake bugawa. In kamfanin da ya narkar da dukiya wajen talla bai iya juya harshen yara ba, ɗan'uwansu na kan benci ba zai juya shi da dariya ba.

A rubutu kam ina tare da masu tsauri. Wanda ya rubuta "fiyes" a wurin bincike na intanet ba zai sami abin da yake nema ba, haka wanda ya aika wa mai yi masa sari a Dubai ko Guangzhou. A bar sunan kaya yadda masu shi suka rubuta, PlayStation, Xbox, PS5, a jarida da allon shago da saƙon waya, kowa ya karanta da bakinsa. Gidajen rediyon da ake saurare a ɓangarorin biyu, kamar sashen Hausa na BBC da ke nan tun 1957 da na RFI da ya fara a 2007, abin da ya fi musu shi ne su ce na'urar wasan bidiyo ta PlayStation. Mai gabatarwar da ya tsaya kan pi-es ko pe-es kaɗai ya bar rabin masu sauraro a baya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da furuci ma'aunin wayewa. Dariyar da aka yi wa ɗan ƙanena ta yara ce, ta wuce kafin a tashi wasa. Amma manya ma na yi. A Kano a yi wa ɗan Nijar dariyar pe-es, a Lome a yi wa ɗan Najeriya dariyar fi-es, kowa yana tinƙaho da bakin Baturen da ya mulki kakansa. Laifi tudu ne. Zongo kuwa in ta bi wannan ta saki sana'arta ta gado, domin maigidan da ke yi wa baƙo dariyar harshe ba ya daɗewa da baƙi. Mai shagon nan ya fi duk masu musun gane hakan. Sa'a biyu na zauna ina jinsa. Ya ce wa wannan pe-es, ya ce wa wancan pi-es, ya lallashi wata uwa da ta zo jan kunnen ɗanta da harshen Mina, ya juyo gare ni da "Alhaji, a kawo ruwa?" Bai gyara wa kowa baki ba, kuma kowa ya biya.

Ɗan ƙanena ya koma Kano bayan mako uku yana cewa manet, yanzu abokansa na Fagge ne ke yi masa dariya. Kai kuma mai karatu, in hanya ta kawo ka Lome kana neman na'ura ko abin riƙewa, nufi Dekon, inda ake cinikin wayoyi da kayan lantarki. Ka ce manet, ka ce pe-es senk. In harshe ya ƙi, rubuta PS5 a takarda ka miƙa, sannan ka nemi a faɗa maka kuɗin da sefa, ba da dala ba.